Togakushi da manyan bishiyoyin sugi: yini ɗaya daga Tokyo zai isa?

Sadiya_Tsukuba:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai tana shirin fita yawon buɗe ido ƙarshen Oktoba, kuma mafi yawa sun zaɓi Togakushi da ke Nagano, wurin nan da hanya ta ratsa tsakanin manyan bishiyoyi har zuwa wurin bautar 'yan Shinto a gindin dutse. Mu goma sha biyu ne. Akwai mai juna biyu, akwai kuma mahaifiyar ɗayanmu da ta zo ziyara, ta haura sittin. Ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya? Tafiyar ƙafar nawa ce? Me ake sawa, me ake ɗauka? Wasu kuma suna cewa dutsen Haguro da ke Yamagata ya fi. Masu sani a taimaka.

Bakano_a_Nagano:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ana iyawa, amma sai da sammako na gaske. Ga lissafin. Daga Tsukuba zuwa Akihabara, cikin Tokyo, minti 45 ne a jirgi mai sauri. Shinkansen, jirgin ƙasa mai gudun gaske, na layin Hokuriku daga tashar Tokyo ko Ueno zuwa Nagano awa ɗaya da rabi ne, ko ƙasa kaɗan idan Kagayaki, wanda ya fi sauri a layin, kuka samu, kuɗinsa kusan yen 8,000 zuwa kaɗai. Kagayaki ba shi da taragon da ake shiga a zauna inda aka ga dama, sai an kama kujera. Daga tashar Nagano ku fita ta ƙofar Zenkoji, ku tsallaka titi, motar kamfanin Alpico tana nan. Awa guda ce da 'yan mintuna zuwa saman. Kenan kafin ƙafarku ta taka bakin hanyar Okusha kun ci kusan awa huɗu, komawa ma haka.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne Togakushi ba gini ɗaya ba ne, wurare biyar ne a warwatse a jikin dutse: Hokosha a ƙasa, sai Hinomikosha, sai Chusha a tsakiyar ƙauyen, sannan Kuzuryusha da Okusha can sama dab da juna. Bishiyoyin da kuke gani a hoto suna hanyar Okusha. Idan su kuka je gani, kada ku sauka a Chusha, ku zauna har tashar da ake kira Okusha Iriguchi.

Injiniya_Saitama:
Ƙari a kan maganar Malam Bakano: JR Pass, tikitin yawo a jiragen kamfanin JR, ba ya aiki a motar Alpico, kamfani ne daban. Kuma an sauya tsarin layin a 'yan shekarun nan, akwai motocin da sai an kama kujera ta intanet kafin ranar. Mutum goma sha biyu a ƙarshen Oktoba, lokacin da ganye ke ja, ba za ku isa tasha kawai ku ce za ku shiga ba. Ku kama ta zuwa da ta dawowa a tare. Wadda ta fi ɗaure mutane ita ce ta dawowa, don motar ƙarshe tana tashi da wuri, kuma tasi ba ya yawo a can sama.

TafiyaMabudi:
Tafiyar ƙafa kashi uku ce. Daga torii, babbar ƙofar shiga wurin bautar Shinto, zuwa Okusha kusan kilomita 2 ne.

Kashi na farko kusan kilomita 1 ne, a miƙe, kusan a shimfiɗe, ƙasa da tsakuwa, minti 15 zuwa 20. Nan bishiyoyin gauraye ne, ba su ne na hoton ba, kada wani ya ce an yaudare shi ya juya. Sai ku iske wata jar ƙofa mai jinkar ciyawa, gansakuka da tsirrai sun tsiro a kan rufinta, ita ce Zuishinmon. Kuna ratsa ta sai sugi ta fara, dama da hagu, tsawon kusan mita 500, hawa kaɗan-kaɗan. Kashi na uku shi ne matakalar duwatsu, ba a daidaita su ba, wata doguwa wata gajera, kuma nan numfashi ke ƙarewa. Mai lafiya minti 40 zai kai sama. Da hoto da hutu, ku sa awa biyu zuwa da dawowa.

Mama da mai juna biyu su tsaya a ƙarshen layin sugin. Ba su rasa komai ba. Ginin Okusha ƙarami ne, na kankare ma, don zaftarewar dusar ƙanƙara ta rushe na baya a ƙarshen shekarun 1970 aka sake gina shi da abin da zai jure. Mota ba ta wuce torii, babu abin hawa ko kaɗan, wanda ya gaji sai dai ya dawo da ƙafarsa.

Abu_Sumayya:
Ni fa kafin a yi nisa da maganar mota da matakala, an tambayi hukuncin zuwan kuwa? Wurin bautar wanin Allah ne. Bishiyoyin nan da ake yabo, wasunsu an ɗaure musu igiya ana girmama su. Mun san hadisin Zatu Anwaɗ, bishiyar da mushirikai ke rataye makamansu don neman albarka, da yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa waɗanda suka nemi a sanya musu irinta.

Ummu_Khalil:
Malam Abu Sumayya, hadisin yana magana ne a kan neman albarka da bishiya, kuma babu wanda ya ce a je a nemi albarka. Malamai sun yi saɓani a kan shiga wuraren bautar wasu addinai don gani da ɗaukar darasi, wasu sun halatta da sharaɗi, wasu sun karhanta, wasu sun hana. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa. Abin da zan iya taimakawa da shi shi ne a san waɗanne ayyuka ne ibada a wurinsu, don kada mutum ya ga jama'a suna yi ya bi a zaton ladabi ne kawai.

Rusunawa a gaban torii kafin a shiga da bayan an fito, ibada ce. A gaban ginin suna jefa tsabar kuɗi a akwati, galibi yen 5, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu, su yi roƙo, su sake rusunawa sau ɗaya. Wannan ibada ce tsantsa. Akwai omamori, laya ce a ƙaramar jakar yadi. Akwai omikuji, takardar duba. Akwai ema, allon katako da ake rubuta buƙata a rataye. Duk waɗannan a bar su. Babu mai tsare ka ya ce sai ka yi, babu kuɗin shiga, babu mai tambayar addininka. Ka wuce ka ba masu yi wuri, kada ka tsaya a gabansu da kyamara.

Abu_Sumayya:
Na ji, Allah Ya saka da alheri. Amma ni a wurina barinsa ya fi. Japan ba ta rasa daji ba.

Dan_Maradi77:
Gaskiya ce ba ta rasa daji ba, kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne. Sai dai tsofaffin bishiyoyi irin waɗannan, yawancinsu a harabar wuraren bauta suka tsira, don nan ne aka hana sara. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba akwai mafita a Togakushi ɗin kanta: lambun tsirrai na daji yana dab da hanyar Okusha, da hanyoyin katako a kan fadama, kuma daga nan ana fita tafkin Kagami-ike inda dutsen ke bayyana a cikin ruwa idan babu iska. Ba ruwansu da wurin bauta.

MalamGandunDaji:
Bari in ce wani abu a kan bishiyar kanta, don ita za ku je gani. Sugi ba al'ul ɗin Labanon ba ce, danginsu daban, sunanta na kimiyya Cryptomeria japonica. Tana miƙewa sambal ba reshe har sama, ɓawonta ja-ja ne mai zare-zare a tsaye, itacenta mai laushi da ƙamshi, shi ya sa da ita ake gina gidaje da ganguna tun da. Waɗanda ke hanyar Okusha ba da kansu suka tsiro ba, dasa su aka yi a farkon ƙarni na 17, zamanin da gidan Tokugawa ya karɓi mulki, shekarunsu kusan 400 kenan. Da yawa sun kai mita 30. A Chusha akwai waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba, guda uku da aka dasa kamar duwatsun murhu a kewayen filin, ana ƙiyasta musu shekara 800 ko fiye.

Abin da ke kashe su shi ne ƙafa. Ƙananan jijiyoyin saiwar sugi da ke shan ruwa suna bazuwa ne kusa da saman ƙasa. Idan dubban mutane suka taka wuri ɗaya, ƙasar ta daddale, iska da ruwa su daina shiga, jijiyoyin su mutu. Ba a ganin illar nan take. Bayan shekaru sai kan bishiyar ya fara bushewa daga sama. Akwai wata mai kogo a gindi da wani tallan talabijin na 2010 ya sa ta yi suna, jama'a suka riƙa shiga kogon don hoto, dole aka kewaye ta. Saboda haka duk inda kuka ga igiya ko shinge, a tsaya a waje. Kada a hau kan saiwa, kada a ɓare ɓawo, kada a soka sandar tafiya mai bakin ƙarfe a gindi. Idan da sanda, a sa mata hular roba.

Sadiya_Tsukuba:
Na gode ƙwarai. To igiyar da Malam Abu Sumayya ya ambata daban take da ta shinge?

Ummu_Khalil:
Daban. Ta shinge igiya ce kawai a kan turaku. Waccan kuwa sunanta shimenawa, ta karan shinkafa ce da aka tuƙa, kauri gare ta, da farar takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa tana reto a jiki. Duk bishiya ko dutsen da aka ɗaura wa ita, suna ɗaukarsa mazaunin kami, wato abin bautarsu. Ba a taɓawa. Mu dama ba mu da dalilin taɓawa.

Zango_Kumasi:
Wannan ai shi ne labarin Tsumburbura a dutsen Dala kafin Musulunci ya kafu a Kano: bishiya, a kewaye ta, mai kula da ita guda. Bambancin dai su nasu bai gushe ba.

Bakano_a_Nagano:
Akwai kama, amma tarihin Togakushi ya fi haka sarƙaƙiya. Ɗaruruwan shekaru wurin na 'yan Buda ne da masu gudun duniya da ke horar da kansu a duwatsu, sunansa Kenkoji a lokacin. Sai a 1868 gwamnatin Meiji ta ba da umarnin raba Shinto da addinin Buda, aka fitar da gumakan Buda, wurin ya koma na Shinto zalla. Jar ƙofar nan ma da can ta masu gadin Buda ce, daga baya aka sauya mata suna da masu gadi. Idan kun lura a gefen layin sugin za ku ga tushen gine-gine na duwatsu cikin gansakuka, masaukan limaman da ne.

Tatsuniyar wurin kuma ita ce: allahiyar rana a wurinsu, Amaterasu, ta yi fushi ta shige kogo ta rufe da fa, duniya ta yi duhu. Ɗaya ya tsara dabara, ɗaya ta yi rawa har aka yi ta dariya Amaterasu ta leƙo, wani ƙaƙƙarfa mai suna Tajikarao ya fizge ƙofar ya yi jifa da ita, ta faɗo nan ta zama dutsen Togakushi. Shi ake bauta wa a Okusha, mai dabarar a Chusha, mai rawar a Hinomikosha. Kuzuryusha na macijin nan ne mai kai tara, na ruwa da damina, kuma har masu ciwon haƙori suna kai masa 'ya'yan itacen nashi.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ciwon haƙori kuma? Allah Ya kyauta. A dawo kan maganar kaya don Allah, yarinyar nan ta tambayi abin sawa ba wanda ya amsa mata.

TafiyaMabudi:
Gaskiyar Hajiya. Birnin Nagano yana kusan mita 360 daga teku, Chusha kusan 1,200, Okusha ya ɗara haka. Duk hawan mita 100 zafi yana sauka da kusan digiri 0.6, kenan can sama ya fi birnin sanyi da digiri 5 zuwa 6, a ƙarƙashin bishiyoyin kuma rana ba ta sauka. Ƙarshen Oktoba da safe yana iya kusantar sifili. A sa kaya hawa uku: ta ciki mai bushewa da wuri, ba auduga ba, sai mai ɗumi, sai rigar ruwa a sama. Auduga idan ta sha gumi a matakala, da an tsaya hutu sai ta zama ƙanƙara a jiki.

Takalmi mai ƙasan roba mai tsaga-tsaga. Hanyar kusan kullum a jiƙe take, duwatsun matakalar suna da santsi, kuma a saukowa aka fi faɗuwa. Masu abaya da dogon hijabi, a sa wando a ciki, a zaɓi wadda ba ta jan ƙasa, ko a ɗaure ta da ɗamara a ɗage ta sama da idon sawu. Hannu biyu su zama a sake, jakar goyo ta fi ta hannu. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya kowane mutum, a saya kafin torii. A shiga bayi a bakin hanya kafin a fara. Babu kwandon shara, a riƙe leda. A riƙe tsabar kuɗi da takardun yen 1,000, ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati.

Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe biyar a lokacin, kuma cikin dajin duhu yana riga haka. Babu fitila a hanyar. Ƙarfe uku da rabi ya kamata a ce kowa ya fito.

Injiniya_Saitama:
A ƙara da maganar beyar. Baƙar beyar tana wannan dajin, kuma kaka ce lokacin da take neman abinci ido rufe kafin ta kwanta barcin hunturu. 2025 ce shekarar da aka fi samun mutanen da ta kashe a Japan tun da aka fara lissafi, duk da yawancin abin ya faru ne a arewa, Akita da Iwate. A babbar hanyar Okusha da rana tsaka, da jama'a, haɗarin kaɗan ne. Ƙananan hanyoyin da Ɗan Maraɗi ya ambata, na lambun da tafkin, su ne abin lura, musamman da sassafe da yamma. A tafi a ƙungiya, a riƙa magana, a rataya ƙararrawa a jaka. Idan an haɗu da ita kada a ruga, kada a juya mata baya, a ja da baya a hankali ana fuskantarta. Idan an ga sanarwar rufe hanya, an rufe ke nan.

Dan_Maradi77:
Mutum goma sha biyu 'yan gida ɗaya, ba sai an ce musu su yi magana ba. Beyar za ta ji su tun daga tasha.

Kuku_Osaka:
Ni abinci zan taɓo, don nan ake samun matsala. Togakushi ta yi suna da taliyar soba, ana jera ta dunƙule biyar a kan faifan gora, da kayan lambun daji da aka soya. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ne ma lokacin sabon girbi. Taliyar kanta gari ne da ruwa. Romon da ake tsoma ta, tsuyu, shi ne abin dubawa: miyar waken soya, romon busasshen kifi, sukari, da mirin, wani lokaci da sake, giyar shinkafa. Mirin na gaske giya ce ta girki, kusan kashi 14 cikin ɗari barasa ce kafin a dafa. Wanda yake gudunta ya nemi gishiri, ya ce “shio de onegaishimasu”, ya ci da gishiri da wasabi. Masu son soba na gaske ma haka suke fara ɗanɗana ta. A bar mai naman agwagwa, ba yankan Musulmi ba ne.

Abu biyu kuma. Na ɗaya, hatsin soba yana cikin abubuwan da ke tayar da borin jiki mai tsanani, har ya toshe numfashi, shi ya sa dokar Japan ta tilasta rubuta shi a jikin kayan abinci. Yawancinmu ba mu taso da shi ba, wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, kuma gara ya gwada a gari kusa da asibiti, ba a kan dutse ba. Na biyu, shagunan suna rufewa da sun sayar da abin da suka murza, wasu tun ƙarfe biyu ko uku. Waɗanda ke gaban Chusha ana rubuta suna a takarda a jira. Mutum goma sha biyu ba za su samu teburi ɗaya ba, ku kasu uku.

Ummu_Khalil:
Tunda an zo nan, salla. Babu masallaci a can sama. Matafiya ne ku, kuna iya haɗa azahar da la'asar ku yi ƙasaru. Alƙibla daga Nagano yamma ce maso arewa, wajen digiri 290. A yi a wajen harabar, gefen wurin ajiye motoci ko filin bakin tafki, da 'yar shimfiɗar leda don ƙasar a jiƙe take. Kuma kada a yi alwala a kwamin ruwan da ke bakin wuraren bautar. Sunansa temizuya, na tsarkinsu ne: ludayi ɗaya na ruwa, a wanke hagu, a wanke dama, a zuba a tafin hagu a kurkure baki, a sake wanke hagu, a tsayar da ludayin ragowar ta wanke mariƙin. Ganin mutum ya sa ƙafa a wurin zai ɓata musu rai ƙwarai. A zo da buta ko gora daban.

Mai_Yamagata:
Har yanzu ba a amsa mata maganar Haguro ba. Ni ina cikin masu cewa ya fi. Matakala 2,446 ta duwatsu, tsawon kusan kilomita 1.7, sugi a gefe biyu tun daga ƙasa har sama, masu shekara 350 zuwa 500. Na Togakushi mita 500 ne ka gama. Minti goma daga ƙofa kuma ga hasumiyar katako mai hawa biyar, tsayinta mita 29, wadda aka sake ginawa a ƙarni na 14, a tsakiyar daji, ba fenti. Kusa da ita akwai wata sugi da ake kira Kaka, ta haura shekara 1,000. Dutsen mita 414 ne kacal, babu sanyin Togakushi.

Bakano_a_Nagano:
Malam, ba a musu a kan kyan Haguro. Amma dubi tambayar. Daga Tokyo zuwa Tsuruoka, garin da ke kusa da Haguro, sai an bi ta Niigata an sauya jirgi, kusan awa huɗu, sannan mota minti 40 zuwa ƙofar. Ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Kuma matakala 2,446 da mai juna biyu da dattijuwa?

Mai_Yamagata:
Mota tana kaiwa har saman Haguro, abin da babu a Okusha. Masu rauni su ga hasumiyar a ƙasa su hau mota, masu ƙarfi su hau matakala, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a haɗu a sama. Kashi na biyu na hawan ne mai wuya, kuma akwai ɗan shagon shayi a kansa. Na yarda dai sai da kwana. Amma Togakushin ma ni da kwana zan ba da shawara. Awa takwas a hanya don awa huɗu a wuri, asara ce.

TafiyaMabudi:
Sai dai a faɗa musu hanyar hasumiyar tana farawa ne da gangara mai matakala, kuma duk abin da aka sauka sai an hau shi a dawowa. Ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar kilomitar farko ta Okusha.

MalamGandunDaji:
Idan yawan bishiya ake nema ba wahala, akwai Nikko, kusan awa biyu daga Asakusa da ke Tokyo. Layin suginta ya kai kusan kilomita 35 idan aka haɗa hanyoyi uku, wani hakimi mai suna Matsudaira Masatsuna ya fara dasawa wajen 1625, ya shafe sama da shekara 20. Kusan 12,000 suka rage, kuma suna raguwa saboda hayaƙi da girgizar motoci da tsufa. Sai dai gefen titi ne a wurare da yawa, ba shirun daji. Mai neman mafi tsufa kuma sai tsibirin Yakushima, inda Jomon Sugi take, an tabbatar ta haura shekara 2,000, amma tafiyar kusan awa goma ce a ƙafa zuwa da dawowa.

Wani abu ga masu shirin bazara: daga Fabrairu zuwa Afrilu sugi tana sakin ƙurar fure, atishawa da ƙaiƙayin ido su addabi miliyoyin mutane. Ba tsofaffin nan ne masu laifi ba, gandayen da aka dasa bayan yaƙin duniya na biyu ne, da katakon waje ya yi araha aka bar su ba sara. Oktoba babu wannan.

Samarin_Chiba:
Tambaya a gefe. An ce daga Okusha akwai hanyar hawa kan dutsen kansa. Mu samarin za mu iya ƙarasawa mu dawo kafin mota?

Injiniya_Saitama:
A'a. Ku cire wannan daga ranku. Dutsen mita 1,904 ne, hanyar akwai sarƙoƙi a jikin fa, kuma kusa da sama akwai wani siririn tudu da suke kira Ari no Towatari, mashigin tururuwa, faɗinsa kusan rabin mita, tsawonsa kusan mita 20, rami dama rami hagu, ba abin riƙewa. Ƙwararru ma sun mutu a wurin. Ana buƙatar hular kwano, takardar sanar da hawa, da yini guda cur. Idan ƙarfi ya yi muku yawa, ku sauko da ƙafa daga Chusha ta tsohuwar hanyar Kanmichi zuwa Hinomikosha da Hokosha, kusan minti 40, ku gwada matakalar Hokosha, sama da 270 a tsaye. Akwai kuma gidan tarihin ninja a tsallaken bakin hanyar Okusha.

Hajiya_Mai_Lalle:
To idan aka ɗaga tafiyar zuwa hutun Disamba fa? An ce ya fi kyau da dusar ƙanƙara.

Bakano_a_Nagano:
Kyau kam akwai, Hajiya, amma wata tafiya ce daban. A shekarun baya, da hunturu mota ba ta kaiwa bakin hanyar Okusha, sai a sauka wajen Chusha a ƙara kusan kilomita 2 a ƙafa. Hanyar takan daskare saboda tattakawa, sai da ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi. Ofishin Okusha a rufe yake tsakiyar hunturu har cikin Afrilu, kuma ana hana hawa sashen sama saboda zaftarewar dusar ƙanƙara. Da Mama da mai ciki, ba na ba da shawara. Oktobar ta fi, a ranar aiki idan zai yiwu, don Asabar da Lahadi layin sugin cika yake tun ƙarfe goma.

Abu_Sumayya:
Ina nan dai a kan bakata. Amma idan har za a je, a yi wa yaran bayani tun a mota, irin wanda Ummu Khalil ta yi. Har littafin nan da ake buga wa hatimi a kowane wuri a bar shi.

Dan_Maradi77:
Goshuin kake nufi. Wasu suna ɗaukarsa kayan tunawa kawai, rubutun hannu da jan hatimi, yen 500 galibi. Amma asalinsa shaidar cewa ka yi ziyarar ibada ce, don haka a nan ina tare da Malam. Mai son tsaraba ya sayi kwandon gora, sana'ar ƙauyen ce tun da.

Sadiya_Tsukuba:
Allah Ya saka wa kowa. Abin da na rubuta: jirgin farko, mota kai tsaye zuwa Okusha Iriguchi, Mama da mai ciki su tsaya a ƙarshen sugi, soba a Chusha kafin ƙarfe biyu, salla, mota. Amma rabin 'yan ƙungiyar yanzu sun koma bayan Malam Mai Yamagata suna cewa a kwana. Akwai masauki a can sama, ko sai an sauko Nagano?

Bakano_a_Nagano:
Akwai. Kewayen Chusha da Hokosha akwai shukubo, tsofaffin masaukan maziyarta da iyalan limaman wurin ke gudanarwa, ɗakunan tabarma, kuɗin ya haɗa abincin dare da na safe. Wankan na tarayya ne, maza daban mata daban, ba tufafi, don haka ku tambayi ko akwai na keɓe kafin ku biya. Ku kuma faɗa musu maganar nama da mirin tun ranar kama ɗaki, ba ranar isowa ba. Idan hakan ya yi nauyi, otal kusa da tashar Nagano ya fi sauƙi, ku hau motar farko da safe.

Mai_Yamagata:
Idan har an yarda da kwana, to a sake duba Haguro.